Masana'anta ɗaya ta niƙa ma'adinai da baraguzan gini? A Damagaram?

Wata magana ce ke ta yawo a fadoji da WhatsApp kwanan nan har ta ishe ni, wai abin da zai fisshe mu shi ne a kafa masana'anta guda, da safe ta niƙa dutsen ma'adinai, da marece ta niƙa baraguzan gini ta fidda tsakuwa a buga bulo. Masu wannan ra'ayi hujjarsu ɗaya ce, ai inji ɗaya ne. To turmi ma ɗaya ne, amma wa ke daka maganin ɓera ya koma ya daka hura a ciki?

Dutsen zinariya ba ya zuwa shi kaɗai, wani yana tafe da dalma. A 2010 a Zamfara yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar irin wannan dutse da ake niƙawa cikin gidaje. Nan gida ma mun gani, a 2009 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace sun auna titunan Akokan kusa da Arlit suka tarar da tururin guba na yuraniyom, don an yi cikon hanya da ragowar dutsen yuraniyom. Yanzu kuma so ake tsakuwar da ta bi ta bakin injin nan ta shiga bangon ɗakin da 'ya'yanmu ke kwana, wai za a riƙa wanke injin tsakani. Da wane ruwa, don Allah? Garin da mata ke kwana a layin famfo da bido-bido, mai ga-ruwa ya fi gwamna daraja in zafi ya kama, ruwan da ake janyo wa garin daga Gogo-Machaya da Arunguza bai ishe mu sha ba balle wankin inji. Wuta kuwa duk mun tuna yadda muka ji a 2023 da Najeriya ta katse layi.

Sannan baraguzan ma ina suke? Ginin ƙasa in ya faɗi a Birni, jiƙa shi ake a sake kwaɓawa a buga tubali, rodi da kwano kuwa kafin ƙura ta lafa 'yan gwangwan sun kwashe, guntayen bulo mai amalanke ya kai cikon rami kafin damina. Masu kawo misalin Turai sun manta can galibi gine-ginen kankare da jan bulo ake rusawa.

In taimako ake so, a sayo ƙananan injina a ba matan da ke fasa dutse da guduma a rana. Niƙan ma'adinai kuma a bar shi can bakin rijiyoyin haƙa, nesa da gari, da mai sa ido.