Ko a kau da kai, ko a saki harsashi

A lungunmu da ke unguwar Nima ta birnin Accra, wani mai hali ya kawo ƙaton kare irin na Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel, ya ajiye shi a gidan da ƙofarsa ba ta rufuwa da kyau. Sau uku ni da mai unguwa muna kai ƙara wajen 'yan sanda, sau uku ana ce mana mu koma mu sasanta da maƙwabcinmu. Sai da karen ya kayar da ɗan ƙanwata a bakin kwata da sassafe, allonsa a hannu, ya yage masa ƙafa, sannan aka ga jami'ai.

Zuwan nasu ma ya fi rashin zuwan ban takaici. A lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa, mai sayar da koko tana tsaye da 'yarta a baya, ɗaya daga cikin jami'an ya ɗana bindiga ya harbi karen a ka, suka hau mota suka tafi. Da harsashin ya daki bango ya dawo, wa zai ɗauki alhakin? Kuma duk jami'in da aka horar ya kamata ya san cewa ƙwaƙwalwar kare ake gwadawa a gano ko yana da ciwon hauka, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, wadda idan alamunta suka bayyana kusan babu mai tashi. Su kuwa ƙwaƙwalwar suka tarwatsa.

Abin da ake bukata ba gagarumi ba ne. A janye jama'a, a hana ihu da jifa, a kira likitan dabbobi, a kama karen da sanda mai zarge, a sa masa takunkumi, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, a kuma tambayi mai shi katin rigakafi. Ko wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15 ba su ce a yi ba, sai a asibiti muka ji.

Ƙanwata ce ke biyan kuɗin allurai daga cinikin da bai taka kara ya karya ba. Mai karen kuwa ba wanda ya kira shi, kuma makon jiya na ji haushin sabon kwikwiyo a bayan wannan ƙofar da har yau ba a gyara ba.