Man bai ƙare ba, rijiyoyin ne ke tsufa

Jama'a, masu cewa ɗanyen mai zai ƙare ƙat rana ɗaya ba su san aikin rijiya ba. Masu cewa akwai na shekara hamsin a ƙasa, kowa ya kwantar da hankalinsa, su ma sun bar inda gizo ke saƙa. Duniya tana shan sama da ganga miliyan 100 a kullum, kowace ganga lita 159. Wannan adadin ake so ya fito yau, ya sake fitowa gobe, kuma nan matsalar take.

Mai ba ya kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki. Yana maƙale ne cikin ƙananan ƙofofin dutse, kamar ruwa a jikin soso. Idan aka huda, matsin da ke cikin dutsen ne ke turo shi sama. Kowace ganga ta fita, matsin ya ragu. Daga nan sai injiniyoyi su koma tura ruwa ko iskar gas ta wasu rijiyoyin don su koro man. Ana yi ana yi, ruwan da aka tura ya samu hanya ya riga man isowa, har rijiya ta koma fitar da ruwa fiye da mai. Dole a raba su, a tace ruwan, a mayar da shi ƙasa, duk da kuɗi da wuta. A ƙarshe wajen kashi ɗaya cikin uku kawai ake iya fitarwa daga yawancin filayen mai, sauran ya zauna a dutse.

Ku dubi Cantarell, wani babban filin mai na Meziko. A 2000 aka fara tura masa iskar naitirojin, a 2004 ya haura ganga miliyan 2 a rana, kowa na murna. Kafin shekara shida ya faɗo zuwa wajen kwatan haka. Naitirojin bai ƙara man da ke ƙasa ba, sauri kawai ya sa aka kwashe shi. Man Birtaniya a Tekun Arewa ya kai ƙololuwa a 1999, na Norwe a 2001, babu wanda ya sake taɓa wancan matsayin.

Za a ce ai Amurka ta farfaɗo. Gaskiya ne: ta kai ganga miliyan 9.6 a rana a 1970, ta sauko wajen miliyan 5 a 2008, yanzu tana wajen miliyan 13 saboda fasa dutsen shel, wani dutse mai riƙe mai ƙam a jikinsa, da ruwa da yashi. Amma rijiyar shel takan rasa fiye da rabin abin da take fitarwa tun a shekararta ta farko. Ranar da aka daina haƙa sababbi, ranar za a fara gani a ƙasa, kuma wurare masu kyau ake fara haƙawa.

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta lissafa a 2025 cewa da za a daina zuba kuɗi a filayen da ake da su, mai zai riƙa raguwa da kashi 8 cikin 100 duk shekara, wato ganga miliyan 5.5 a rana. Kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin haƙar mai da gas cike wannan giɓin yake yi. Sabon fili kuwa ba a samunsa da gaggawa. Filin Johan Sverdrup na Norwe an gano shi a 2010, sai 2019 ya ba da gangar farko.

Motocin lantarki suna rage nauyi, an sayar da fiye da miliyan 17 a 2024, kuma ina maraba da su. Sai dai fetur suke ragewa. Abin da ke hana ni sukuni dizal ne. Tarakta, manyan motocin kaya, injinan haƙar ma'adinai, duk shi suke sha, ga man jirgin sama da na jirgin ruwa, ga kwalta da roba. Man shel ba shi da nauyi, fetur ya fi bayarwa, matatar da ke son dizal da yawa tana neman mai kauri irin na Gabas ta Tsakiya ko Kanada. Saboda haka ana iya samun ganguna cike a kasuwa alhali dizal yana wuta, kuma tsadarsa kai tsaye take shiga kuɗin abinci.

A ganina gwamnatin da ta san ciwon kanta daga nan za ta fara: ta ɗauke kaya masu nauyi daga titi zuwa jirgin ƙasa mai lantarki, ta raba janareto da famfon ban ruwa da dizal ta ɗora su kan hasken rana, ta ajiye man ko-ta-kwana na kwana 90 kamar yadda ƙasashen IEA ke yi. Ta kuma daina cika baki cewa za a rufe haƙar mai alhali ba ta shimfiɗa layin dogo ko na wuta da zai ɗauki nauyin ba, don shi ma wannan aikin yakan ci shekara goma.