Wuƙar Nazi ba kayan adon falo ba ce

A garin Solingen na Jamus, inda maƙera suka yi suna tun fil azal, aka ƙera akasarin wuƙaƙen da 'yan Nazi ke ratayawa a ƙugu ranar fareti. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin Amurka suka kwashi da yawa a matsayin ganima. Yau jikokinsu na fito da su daga tsofaffin akwatuna, dillalai na rububi.

Masu tara su kan ce tarihi suke adanawa, kyan ƙira ke burge su. Ba na ce ƙarya suke yi ba, amma farashi ya tona asiri. Wuƙar SS, rundunar da ta tsare sansanonin kisa, ta fi ta SA, wato rundunar 'yan bangar jam'iyyar Nazi, tsada nesa ba kusa ba, alhali sau da yawa kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ƙirar ma kusan ɗaya ce. Za a ce ƙarancinta ne ya jawo. Har da shi, amma sunan SS ake biya wa kuɗin, shi ya sa jabu ta cika kasuwar.

Dubi wuƙar Ernst Röhm, shugaban SA. Ya sa an zana sunansa da kalmar abota a jikin wuƙaƙen da aka bai wa tsofaffin mabiyansa. Da Hitler ya sa aka kashe shi a 1934, sai aka ba da umarnin a kankare sunan. Yau mai saye zai sa madubin ƙara girma yana bin sawun kankarar, idan kuwa ya samu wadda sunan ya tsira, kakarsa ta yanke saƙa. Wannan wuƙa shaida ce ta yadda azzalumai ke cin junansu, wurinta gidan tarihi, inda za a rubuta bayaninta ɗalibai su karanta. A falon wani kuwa ƙyallinta kawai baƙo zai gani.

Kuma rubutun jikin wuƙaƙen bai mutu ba. Taken da ke kan wuƙar SA, mai nufin komai domin Jamus, shi ne wanda Björn Höcke, ɗan siyasar Jamus na jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayi, ya furta a taro, kotun Halle ta ci shi tarar Yuro 13,000 a 2024. Mu ma abin ya shafe mu: a watan Yunin 1940, a ƙauyen Chasselay na Faransa, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka miƙa wuya, suka bindige su saboda launin fatarsu.

Abin da Abdallah Chatila ya yi ya kwanta min a rai. A 2019 wannan attajiri ɗan asalin Labanan ya kashe kusan Yuro 600,000 a kan kayan Nazi da aka yi gwanjonsu a Munik, har da hular Hitler, don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka shi. Bai ajiye ko ɗaya a gidansa ba, ya miƙa su aka kai Yad Vashem, gidan tarihin tunawa da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, a birnin Ƙudus.