Agajin da ba ya isa ga wanda ba zai iya tsayawa a layi ba

Idan yaƙi ya ɓarke, mai ƙafar gudu ne ke fara tsira, kuma shi ne ke fara isa wurin rabon abinci. Tsohuwar da ciwon gwiwa ya zaunar, da kurman da bai ji jiniya ba, da gurgun da kekensa ya lalace a hanya, su ake bari a baya. Abin da ya fi damuna shi ne, ko bayan an kafa sansani an fara rabo, tsarin agajin kansa yakan sake tsallake su.

Ba doka ce babu ba. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949, wadda ke kare fararen hula a lokacin yaƙi, ta ambaci tsofaffi da marasa ƙarfi cikin waɗanda ya kamata a kwashe daga garin da aka yi wa ƙawanya. Sashe na 11 na yarjejeniyar kare haƙƙin masu nakasa ta 2006 ya ɗora wa ƙasashe nauyin kare su a lokacin rikici. A 2019 ma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2475 a kan wannan batu.

Matsalar tana wajen aiki. Ana sauke buhu a fili a ce kowa ya zo da kati ya tsaya cikin rana, alhali wanda ya fi kowa buƙata ba ya iya tsayuwa, balle ɗaukar kaya. Ana gina makewayi da matakala. Ana sanar da ranar rabo ta lasifika, kurma bai sani ba sai an gama. Sai kuma magani: mai hawan jini ko ciwon suga ba ya jiran tsagaita wuta, kuma insulin, allurar masu ciwon suga, ba ya jure zafi. A Yukiren, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a sun haura shekara 60, tsofaffi da yawa ne suka rage a garuruwan bakin daga. Sudan da Gaza ma ba su tsira daga wannan ba.

Masu cewa kuɗi ba ya isa suna da gaskiyarsu, kasafin agaji yana raguwa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wata nakasa, kuma yaƙi ƙara yawansu yake yi. Waɗannan ba tsiraru ba ne da za a ce sai an samu rara.

Gyaran ya fara daga rajista: a rubuta shekarun kowa da abin da ba ya iya yi. Sannan a ware ma'aikata masu bi tanti-tanti, gida-gida, su kai abinci da magani da sandar dogarawa, kuma a sa tsofaffi da masu nakasa cikin kwamitin da ke tsara rabon.