Dubiyar da Muka Kai wa Mai Lafiya a Landan

Duk wanda ya yi firamare a gida ya san kalmar "sick" da ma'ana ɗaya, wato rashin lafiya. Ita muke rubutawa a wasiƙar neman izini wurin malamin aji idan zazzaɓi ya kwantar da mu. A Landan kuwa kalmar nan aiki biyar ko shida take yi, wasu ma kishiyoyin juna ne. Ni da nake aikin tafinta a asibiti, kullum ina tsakanin likitoci da 'yan uwanmu da ba sa jin Turanci, na ɗauka babu lungun da ban shiga ba a cikinta.

Muna zaune a unguwar Peckham, a irin gidajen nan da ke manne da juna. Bango ɗaya ne tsakaninmu da wani dattijo Bature, tsohon direban bas, ya haura shekara 70. Wata Asabar na ci karo da jikansa a ƙofar gida, yaro ɗan shekara 15, na tambaye shi ina kakansa, don na kwana biyu ban ga gilmawarsa ba. Sai yaron ya ce, "Grandad? He's sick, man. Proper sick." Yana faɗa yana murmushi, ni kuwa na ce a raina, Allah sarki, yaro da dauriya. "Proper" ɗin nan ce ta fi tayar mini da hankali, don ita ke nuna abu ya kai maƙura.

Da na gaya wa uwargida sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, mutum yana kwance a bayan bangonmu ba mu sani ba? Ina haƙƙin maƙwabtaka?" Nan take ta tura ni Rye Lane, titin kasuwar unguwarmu, na sayo tsohuwar kaza mai tauri, wadda ba ta narkewa a tukunya, da citta da kanumfari da attarugu. Ni kuma don in nuna na san al'adar garin, na haɗo da inabi da kwalbar Lucozade da katin fatan samun sauƙi, su ne kayan dubiyar Turawan Ingila. Attarugu uku ta jefa a farfesun, wai don zufa ta karyo masa zazzaɓin ya fita.

Muka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, shiru. Uwargida har ta fara salati ƙasa-ƙasa, sai muka ji murya daga sama. Majinyacinmu ne a ƙololuwar tsani, yana kwashe busassun ganye daga indararo, yana ta yin fito da bakinsa. Ya sauko, ya karɓi katin, ya karanta gaba da baya, ya dube ni, ya tambaya wa ya mutu.

Ashe tikitin kallon wasan Crystal Palace ya saya wa jikan, shi ne yaron yake yabonsa. A bakin matasa "sick" na nufin abu ya haɗu, ya burge, babu na biyunsa. Wannan salon ya taso ne daga Amurka wajen shekarun 1980, tsakanin samari masu wasan sulu da katako mai taya, daga baya ya cika bakin yaran Landan. Mu ma ai muna yin irinsa, mukan ce mota ta yi mugun kyau ko miya ta yi bala'in daɗi, babu wanda yake zaton mugunta ko bala'i. Alamominsa sanannu ne: mai maganar galibi bai kai shekara 30 ba, yana jan wasalin kalmar, fuskarsa a sake, kuma abin da ake yabo yawanci takalmi ne ko waƙa ko ƙwallon da aka zura a raga. Kakanni ba su cika shiga wannan jerin ba, amma ga shi sun shiga.

Dattijon ya yi dariya har da tari, sannan ya ce shi kam "sick of" Turancin yaron nan yake. Uwargida ta zungure ni, ta ce, "Ka ji ko, ya faɗa da bakinsa." Na raɗa mata cewa wannan kuma wata ce daban. Duk inda "of" ta biyo bayan kalmar, gundura ake nufi, abu ya ishi mutum. Idan ya ƙara ishewa sai su ce "sick and tired", in ya kai maƙogwaro su ce "sick to death", kuma a duk cikinsu babu mai buƙatar ko da ƙwayar Panadol.

Tun da farfesu ya riga ya zo, ya ce mu shiga. Bature da kunyar ƙin abin baƙo, ya ɗebi cokali ɗaya, ya ce da daɗi. Ya ɗebi na biyu, kunnuwansa suka yi ja. A na uku hawaye ya zubo, ya riƙe bakin tebur ya ce, "I think I'm going to be sick."

Wannan kam fagena ne, don kullum ina cin karo da ita a wurin aiki. A Ingila "be sick" amai ne, "feel sick" kuma tashin zuciya. Rashin lafiya na gama-gari sun fi kiransa "ill" ko "poorly", saɓanin Amurkawa da ke barin "sick" a kan kowane ciwo, su ce "throw up" idan amai suke nufi. Abin yana da haɗari fiye da yadda ake zato. Nas za ta tambayi mutuminmu, "Have you been sick?", tana nufin ko ya yi amai, shi kuma ya amsa da e, mako biyu ke nan, yana nufin ciwon bayansa. Sai a rubuta a fayil cewa mako biyu yana amai, a fara neman cutar da babu ita. Shi kansa aman ma sunansa ke nan, shi ya sa jakar takardar da ke aljihun kujerar jirgin sama ake ce mata "sick bag".

To, na zabura neman bokiti. Uwargida kuwa ta fahimci cewa ciwon da yake ɓoyewa ne ya taso, sai ta ƙara masa ludayi guda, tana cewa, "Sannu Baba, daure ka shanye, shi ne maganin." Da ƙyar na raba ta da kwanon. Madara mai sanyi na ba shi, don sinadarin da ke sa attarugu zafi a maiƙo yake narkewa, ruwa kuwa yaɗa shi kawai yake yi a baki. Allah ya taimaka bai yi aman ba. Inabin dai ya cinye.

Akwai kuma ta ma'aikata. "Off sick" shi ne hutun rashin lafiya, amma "pull a sickie" ciwon ƙarya ne, wanda ya fi kama mutane ranar Litinin. Har kwana 7 kai za ka shaidi kanka, in ya wuce haka sai da takardar likita, wadda aka sauya wa suna zuwa "fit note" a 2010, ko da yake har yau kowa "sick note" yake ce mata. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta ƙyama. "That's sick" da murmushi yabo ne, amma da yatsine fuska ana nufin abin ƙazanta ne, ko mai shi zuciyarsa ba ta da kyau. Kalmomin iri ɗaya sak, fuska ce kaɗai alƙali. A saƙon waya kuwa, inda babu fuska, sai dai ka duba ko an liƙa ɗan hoton wuta a ƙarshe.

Ranar Litinin na shiga asibiti ina ji da sabon ilimina. Wata nas, yarinya da ba ta wuce 27 ba, ta tare ni a baranda tana dariya, ta ce 'yarta "was sick" a wasan kwaikwayon makarantarsu, a gaban iyaye duka. Na auna a raina: matashiya ce, tana dariya, kuma maganar wasa ce. Duk alamomi sun cika. Na ce madalla, lallai kina alfahari da ita, irin waɗannan yaran tun suna ƙanana ake gane su, ki turo mini bidiyon in nuna wa nawa yaran su yi koyi.

Ta tsaya tana kallona. Ashe a tsakiyar dandamali yarinyar ta kelaya amai a kan takalmin malamarsu, makaranta kuma ta ce ta zauna a gida awa 48, kamar yadda ake yi wa duk yaron da ya yi amai. Abin da ya kawo ta wurina ke nan, ta sanar da ni cewa gobe wata nas zan tarar a madadinta. Bidiyon kuwa akwai shi, kafin la'asar ta turo mini.