Wa Ke Mulkin Ƙauyukan Bakin Dajin Rugu?

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kwashe ɗalibai sama da 300, a daidai lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari yake gidansa na Daura. Shugaban da ya hau mulki a 2015 bisa alƙawarin tsaro, bayan sace 'yan matan Chibok ta zubar da ƙimar gwamnatin Goodluck Jonathan, sai ga masifa irin wannan a cikin jiharsa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, Atiku Abubakar ne ya lashe Katsina, duk da cewa ratar ba ta da yawa. Ƙarancin takardun naira ya taka rawa, ba na musu, amma mutanen Batsari da Safana da Faskari sun je rumfar zaɓe ɗauke da zafin 'yan uwansu da aka kashe ko aka yi garkuwa da su.

Duk da haka, asarar ƙuri'a ba ta kai wata asarar da gwamnati ke yi a ƙauyuka ba. Manomin da sai ya biya ɗan bindiga kuɗi kafin ya shuka gero, ya sake biya kafin ya girbe, ya riga ya san wanda ke iko da gonarsa, kuma ba wanda ya zaɓa ba ne. Sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya ƙulla da 'yan bindiga a 2019 bai ɗore ba, sannan katse layukan waya da rufe kasuwannin mako a 2021 sun fi gallaza wa talaka, wanda ya rasa wurin sayar da awakinsa, ya kuma rasa hanyar kiran ɗauki.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, matasan da suka san lungu da saƙon garuruwansu, kuma wannan mataki ne na hankali. Amma ganin yadda shugabannin al'umma a Jibiya da Batsari suka zauna da 'yan bindiga a 2025 don neman zaman lafiya, dole gwamnati ta fito ta gaya wa jama'a wa zai karɓi makaman da ke cikin daji, da kuma yaushe mai gona a Ɗanmusa zai daina biyan kuɗin noma.