Bishiyar bakin tafki ba ta buƙatar a kashe biba

Biba dabbar ruwa ce dangin gafiya, amma ta ninka ta girma, don babba takan kai kilo 20, ga wutsiya mai faɗi. Haƙoranta ba sa daina tsiro, kuma da su take kayar da bishiya ta ci ɓawon, ta yi gini da rassan. Farauta ce ta ƙarar da ita a Birtaniya kimanin shekara 400 da suka wuce. Yanzu ta dawo, rigima kuma ta dawo tare da ita.

A watan Mayun 2019 Sikotlan, wani yanki na Birtaniya, ta sa biba cikin dabbobin da doka ta kare. Duk da haka, a shekarar aka harbe 87 da lasisin hukuma, a 2020 kuma 115, akasari a yankin kogin Tay. Kukan manoman yankin gaskiya ne: madatsar ruwa da biba ke ginawa kan toshe magudanar ruwa, gona ta cika. Wannan asara ce, kuma ya kamata a share musu hawaye. Amma wanda damuwarsa ita ce bishiyar bakin tafki ba shi da hujjar ɗaukar bindiga.

Maganin yana da sauƙi, ga araha. Ana kewaye gindin bishiyar da ragar waya mai kauri, tsayin mita ɗaya, a bar tazarar kamar taƙi guda tsakaninta da ɓawon don bishiyar ta samu wurin yin kauri. Sai a kafe ta a ƙasa sosai, domin biba takan tura hanci ta ƙarƙashi. Siririyar wayar kejin kaji ba ta jure haƙoranta. Inda raga za ta ɓata kyan wuri, akan gauraya yashi da fenti a shafa wa gindin. Ta gatsa sau ɗaya ta ji tsakuwa, ta bari.

Ba ma dole a kare kowace bishiya ba. Biba ba ta son yin nisa da ruwa, yawancin sararta ba ta wuce mita 20 daga gaɓa, kuma wilo, bishiyar bakin ruwa da ta fi so, tana sake toho daga kututture. Tsofaffi da masu daraja kawai za a zaɓa. Wadda ta riga ta faɗi kuwa a bar ta a wurin, domin in aka janye, wata za ta kayar.

Harbi kuma ba ya ɗorewa. 'Ya'yan biba kan bar iyayensu da shekara biyu su nemi wurin zama, gurbin da aka buɗe da harsashi shi za su cika.

Sikotlan ta fara gyara: tun ƙarshen 2021 ta amince a riƙa kama su ana sauya musu mazauni zuwa sababbin wurare a cikin Sikotlan, har aka kai iyali guda tafkin Lomond a Janairun 2023. Abin da ya rage shi ne ta ƙarfafa irin tsarin jihar Bavariya ta Jamus, inda ake da masu ba da shawara kan biba da ke zuwa har gonar mutum su duba ɓarnar. A kai wa mai bishiya ragar da wanda zai kafa ta kafin a miƙa masa takardar lasisi.